Alƙali Ya Daina Cin Abinci

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan ka tashi lafiya kuma jikin yana ƙara sauƙi. Yaya hannun, yaya ƙafar? Ina gaida Yaya da matarsa da yara, Allah Ya saka musu da alheri kan ɗawainiyar da suke yi da kai.

Yaya ya ce in daina kiran ka a waya. Ya ce tun da ciwon nan ya taɓa maka ɓarin jiki, in na kira sai ka karɓa ka saurara, in ka buɗe baki maganar ta ƙi fita yadda kake so, sai ka miƙa masa wayar ka juya fuska bango, ranar kuma ba mai ƙara jin ɗuriyarka. Na ji, na bari. Amma ya ce idonka ras yake, har jarida kana karantawa, shi ya sa ga ni a takarda. Ba sai ka ba ni amsa ba. Ka san ni, surutu ne ya yi mini yawa, mai saurare kawai nake nema.

Gidan kifi yana nan yadda ka bar shi. Yara 'yan makaranta suna ta zuwa kallo suna shafa mana gilashi da hannu, ni kuma da na gaji aikinka ina bin su da tsumma ina mita irin taka. Mai gadi ya ce ko murya ba mu bambanta ba.

To, abin da ka ƙi ji dai an yi shi. An kafa kyamarorin nan a babban tanki. Na san da kana nan da ka maimaita abin da ka faɗa wa Manaja bara, wai kifi ba ɓarawo ba ne da za a sa masa ido dare da rana. Guda uku ne. Ɗaya tana sama tana leƙen ruwa, ɗaya tana gaba, ɗaya kuma daga gefe, wajen kututturen nan da ka nutsar. Ba mai tsaya musu. Su ɗauka da rana, su ɗauka ko an kashe fitilu, komai ya taru a kwamfutar ofis. Ni kuma da safe, in na gwada ruwa na ba da abinci, sai in zauna in kalli abin da ya faru ba na nan, ina tura hoton gaba da sauri har idona ya fara ruwa.

Baba, ashe kifin nan munafunta mu suke yi. Tarwaɗar da kake kira Raggo, wadda ke wuni a kwance kamar an jefar da takalmi, da zarar an kulle ƙofa sai ta tashi ta bi tanki tana tumɓuke shuke-shuke ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru kunkuru kake zagi. Na je na ba shi haƙuri a madadinka.

Sai manyan naka guda biyu, dogayen nan masu ƙyalli kamar azurfa da gemu biyu a haɓa, da ka raina tun suna kamar yatsa. Ka sa wa ɗaya Alƙali don ɗaure fuskarsa, ɗaya Lauya don ba ya barin Alƙali ya huta. A gabanmu kullum faɗa suke. In ba kowa kuwa, sai ka gan su jere da juna suna kewaya tanki a hankali, kamar an tashi daga kotu za su tafi gida tare.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Kwana biyun nan Alƙali ba ya cin abinci. Na jefa masa gyare, ya bi ta gefensa ko kallo bai yi ba. Wataƙila kewarka yake yi, ba shi kaɗai ba kuwa.

Ka huta lafiya. Allah Ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Auta

*

Babana abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙarfin jiki? Ina fata barci yana samuwa, abinci kuma yana shiga. A gaida mini mutanen gida.

Da ƙorafi zan fara. Matar Yaya ta gaya mini mai koya maka motsa jiki ya zo ka yi barcin ƙarya har ya gaji ya tafi. Ta ce abokinka mai gyaran agogo ya hawo mota tun daga nesa don ya duba ka, ka yi nuni a ce masa ba ka ganin kowa. Baba, mutumin nan ya san fuskarka tun ba ka da gemu, don gefe ɗaya ya ɗan sauka ba zai kasa gane ka ba. Na yi shiru daga nan, kada ka yage takardar kafin ka kai inda nake buƙatarka.

Alƙali ne. Har yau bai sa komai a bakinsa ba, abin ya ɗau lokaci. Na gwada jatan lande, na gwada ƙananan kifi masu rai, duk a banza. Ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar wanda ya cika baki da ruwa, kuma bakin a rufe yake gam. Ya ƙaurace wa gaban tanki, ya koma bayan kututture, inda duk kyamarorin uku ba wadda take gani sosai, sai jelarsa kawai. Na kalli jelar nan har na fara mafarkinta.

Likitar dabbobi ta zo jiya, matar nan mai tabarau da kuke tsokanar juna. Ta daɗe a tsugune tana haska shi da tocila. Ta ce ko dai ciwo ne ya kama cikin bakin, ko kuma ya haɗiyi tsakuwa ta maƙale. Shawararta a sa raga a ciro shi, a sa masa maganin barci a ruwa, a buɗe bakin a gani. Ba ta ɓoye mini haɗarin ba. Kifi mai wannan girma da wannan shekaru, ga shi irin masu tsalle, yana iya karya kansa a cikin raga kafin a kai ga taimakonsa. In an bar shi kuma yana iya ramewa ya mutu muna kallo.

Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara. Da kana nan da na juya na dube ka kawai. Ko kalma ɗaya ce ka rubuto mini da hannun hagu, ba ruwana da kyan rubutu, dama na hannun dama ma ba wani kyau ne da shi ba.

Ina yi maka addu'a safe da yamma.

Taka,
Auta

*

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan ta same ka cikin sauƙi fiye da ta baya.

Takardarka ta iso. Na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, na ga layi biyu sun gangara ƙasa kamar za su faɗo: “A cire shi. A duba baki.” Yaya ya ce ka ɓata takarda da yawa kafin ka yarda da wannan. Na karanta ta ya fi a ƙirga, tana cikin aljihun rigar aikina yanzu haka.

Amma Baba, ban cire shi ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Na san jan kifin nan kake tunawa, wanda bakinsa ya ruɓe shekarun baya, kuka yi ta jira har lokaci ya ƙure. Ni ma ina tuna shi, ina ƙarama ka dawo gida ka ƙi cin abinci. Sai dai wancan yana kwanciya a ƙasa yana haki. Alƙali kuwa, da na koma na bi hotunan baya a hankali, in ya fito sau ɗaya ko biyu ya kewaya, da ƙarfinsa yake tafiya, launinsa bai dushe ba. Kuma akwai wani abu da yake yi da haɓarsa, yana motsa ta kamar mai juya abu a baki don kada ya ƙone shi. Ga Lauya, wanda da ya ga rauni a jikin wani sai ya far masa, yanzu shi ne ke tsaye kusa da kututture yana korar duk wanda ya matso.

Na kira Likita na nuna mata. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce a sake mata. Sai ta ce irin wannan kifi, in mace ta yi ƙwai, namijin ne ke kwashe su a bakinsa ya riƙe makonni ba ya ci, har su ƙyanƙyashe. Ta ce tun farko abin ya zo mata, amma ta kawar da shi, don kowa a gidan nan ya san maza biyu ne, haka wanda ya sayar maka ya faɗa, kuma ba a rarrabe su da ido. Na ce to in haka ne fa, muka sa raga? Ta ce zai tofar da su ko ya haɗiye. Na ce in ba haka ba ne fa, muka jira? Ta dube ni ta ce, “To, ke za ki faɗa wa Babanki, ba ni ba.”

Manaja ya fi son a bi maganarka. Ya ce ga likita, ga wanda ya raini kifin, sai ni ce zan tsaya gardama da hoton jela. Na roƙe shi, ya ba ni zuwa ƙarshen mako. Na kwance kyamarar gaba, na sa ta a cikin wani akwatin roba da ba ya shan ruwa, na ɗaura masa dutse, na zura shi a hankali ta bayan kututture. Na kuma rataya baƙin ƙyalle a rabin gilashin don masu kallo su rage damunsa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro nake ji. In na shigo da safe, kafin in kunna fitila sai na tsaya na yi addu'a kada in same shi a mace, cikinsa a sama. Ka raini kifin nan kusan tare da ni, in ya mutu a hannuna saboda taurin kaina ban san da wane ido zan dube ka ba. Amma taurin kan ka san inda na samo shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ka sa mini albarka ko kana fushi.

Auta

*

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida kowa, amma yau gaisuwar a gurguje take, ka gafarce ni.

Lauya mace ce, Baba. Shekarun nan duk mace kake kira da sunan namiji tana haƙuri da kai.

Ni duk zatona in wani abu zai faru, cikin dare zai faru, shi ya sa na ƙare idona kan hotunan duhu. Ashe ranar da ba ma buɗewa ce, da rana tsaka, fitilu a kunne, ba kowa a ginin sai ƙarar injin iska. Washegari ina kallo ina hamma, sai na ga Alƙali ya tsaya cak a gaban akwatin roba. Ya buɗe bakin nan a hankali, kamar ana sauke ƙofar babbar mota. Sai ga wani abu ya leƙo, siriri kamar tsinken ashana, da jakar gwaiduwa ja tana reto a cikinsa. Ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo. Kafin in ankara sun yi masa rumfa a kai, sun fi ashirin. Can wani abu ya yi ƙara a waje, ya buɗe baki, duk suka ruga ciki, ya rufe ya ɗaure fuska kamar ba shi ba.

Na tashi na zauna, na sake tashi. Na kira Likita na kasa magana, ta ɗauka mutuwa ya yi har ta fara yi mini ta'aziyya. Da ta zo ta gani sai ta zauna a kan teburina ta yi ta dariya tana share ido. Manaja kuwa cewa ya yi dama jikinsa ya ba shi.

Sai dai labarin ba duka ne mai daɗi ba. Da na ci gaba da kallo, na ga Raggo ta lallaɓo ta ƙarƙashin kututture lokacin da suka sake fitowa, Lauya tana can tana korar wani. Na ga ta haɗiye uku, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora hannu a kan kwamfutar ina cewa kai, kai, alhali abin ya faru tun jiya. Wannan ne ciwon aikin nan, ana nuna maka komai, amma sai bayan ya wuce.

Dole muka yanke shawarar kwashe Raggo da sauran kifin zuwa wani tanki. Mun bi a hankali iyakar iyawarmu, amma ka san tarwaɗa da santsi. Ta kuɓuce ta doki kututture, Alƙali ya firgita ya yi tsalle ya bugi murfin tanki. Ɓawo biyu sun cire a bayansa, kuma ya zubar da wasu 'ya'yan, ba duka ya iya mayarwa ba. Waɗanda muka tsamo ba su kwana ba. Ranar ban iya cin abinci ba, ina ta tunanin ko da kai ne da ka san yadda za ka kama ta ba hayaniya. Yanzu dai tankin nasu ne su kaɗai, raunin yana warkewa, kuma a hoton jiya na ga sauran sun fito, jakar gwaiduwar ta fara ƙanƙancewa.

Na so in tura wa Yaya bidiyon ya nuna maka a waya, sai na fasa. Mugunta ce, na sani. Amma gani ya kori ji, kuma ganin waya ba gani ba ne. Na yi magana da Yaya, ya ce zai kawo ka ranar da ba ma buɗewa, ba mai ganinka sai mu. Likita ta ce nan da ɗan lokaci za su bar bakin gaba ɗaya, kuma wa ya san ko za a sake. Ka raini kifin nan tun ban san hagu da dama ba. Ka zo, Baba.

'Yarka mai jiran ka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, kuma jijjigar mota ba ta tayar maka da ciwo ba. Yaya gajiyar hanya? Ka gode mini wa Yaya, ya yi ƙoƙari.

Bari in gaya maka yadda ranar ta kasance a wajena. Da na ga an sauko da kai a keken marasa lafiya, hula ta rufe rabin fuska, ka rame haka, sai na ruga na karɓi keken daga hannun Yaya. Na turo ka har gaban tanki na yaye ƙyallen. Muka zauna mu uku, ba mai motsi. Alƙali yana bayan kututture, baki a rufe, ko leƙowa bai yi ba. Muka yi ta zama har ƙafata ta yi tsami. Yaya ya gaji ya ce bari ya je ya sha mai. Ni kuma na ga leɓenka ya bushe, na tafi ofis dafa maka shayi, ga butar nan da ba ta tafasa sai ta ga dama, ga Manaja ya kira ya ƙi ajiye waya.

Da na dawo na same ka inda na bar ka, fuska a murtuke. Na ce, “Ba su fito ba ko, Baba?” Ka ɗaga kafaɗa ɗaya ka kau da kai. Shayin ma kurɓa biyu ka yi ka nuna ƙofa. Da motarku ta fita na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan buhun gishiri na yi kuka sosai. Na ce na wahalar da kai a banza, na fito da kai daga ɗakinka don ka kalli kututture.

Yau da safe na zauna kallon hotunan jiya kamar kullum. Ka manta, ko kuma ba ka sani ba, kyamarar gefe tana kama ɗan wani yanki na zauren, daidai inda na ajiye ka.

Na ga fitata da kofi a hannu. Na ga ka waiga ka tabbatar na tafi. Sai ka sa hannun hagu ka tura taya, keken ya karkace, ka gyara, ka sake turawa, har gwiwarka ta taɓa gilashi. Ka ture hular baya. Ka zauna shiru, irin zaman da kake yi da can wanda Mama take cewa kamar an dasa ka. Can sai ga Alƙali ya fito daga bayan kututture, ya taho har gabanka. Ya daɗe yana kallonka. Sai ya buɗe baki.

Baba, ka gan su. A gabanka suka fito, abin da ba su taɓa yi a gaban kowa ba, har ni da nake ba uban nasu abinci. Na ga ka ɗora yatsa a gilashi kana ƙirga su, ka ɓata, ka sake farawa. Na ga kafaɗunka suna rawa don dariya. Kuma na ga bakinka yana motsi. Ba kalma ɗaya ba, ba biyu ba. Ka yi ta magana, kana nuna Lauya, kana girgiza kai, kamar kana ba su labarin duk abin da ya same ka tun rabuwarku. Da ƙofa ta motsa, yaran suka ruga bakin ubansu, kai kuma ka goge ido da hula, ka ja keke baya, ka ɗaure fuska. Ku biyun ban san wanda ya riga wani ba.

Ka bar ni na yi kuka a kan buhun gishiri, tsoho. Wannan sai ka ba ni haƙuri.

Kyamarar ba ta ɗaukar murya, saboda haka sirrinka da Alƙali yana nan a tsakaninku. Ban nuna wa kowa ba, ko Yaya ban faɗa wa ba. Na ware wannan yankin na ajiye shi daban. In ka ce a goge, zan goge, ko da yake na riga na kalla har na haddace.

Ga wani albishir. Ɗazu na jefa gyare don Lauya, sai Alƙali ya saki yaran a gefen kututture, ya taso ya kama shi a saman ruwa har ya jiƙa mini riga. Likita ta ce a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan.

Ina nan zuwa ranar Asabar, zan kwana biyu. Ka ce wa mai motsa jiki ya zo ina nan, ina so in ga barcin nan da idona. Sannan ka fara tunanin sunaye, don 'ya'yan alƙali ba sa zama haka kawai. Sha ɗaya ne, ka ƙirga da kanka. Kuma ba zan karɓa a rubuce ba. Zan jawo kujera in zauna kusa da kai ka faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, ko kowane suna zai ɗauke mu wuni guda. Ba inda za ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar mana kai.

'Yarka da ke son ka,
Auta